Kalmar Sirrin Malam Bubayero

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiye fayil na ma'aikatarsu a sakatariyar Dutse ya san Malam Bubayero, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri mai ɗan farin gemu, wanda in ka yi kuskuren yi masa sallama alhali kana sauri, to saurinka ya ƙare. Zai tambaye ka gida, ya tambaye ka iyali, ya tambayi gajiyar jiya da ta shekaranjiya, ya tambayi ruwa a garinku. Kana cewa lafiya lau zai ce madalla, ya sake ɗauko ta daga farko ta wata hanyar. Masinjojin ma'aikatar har rige-rige suke wajen ɓuya in an ce a karɓo fayil daga wurinsa.

Wannan hali ba a ofis ya samo shi ba. A wata ruga kusa da Buji aka haife shi, kuma gaisuwar ce ma ta kai shi boko. Yana yaro in aka tura shi kiwo, sai ya tsaya a bakin hanya yana gaida masu wucewa ɗaya bayan ɗaya, shanu kuwa su faɗa gonar mutane su yi ta'adi. Da aka zo neman yaro ɗaya daga rugarsu don a sa a makaranta, mahaifinsa ko shawara bai tsaya yi ba, ya nuna shi da sanda ya ce a tafi da wannan, can ya je ya gaida malamai. Haka ya yi firamare, ya yi sakandare, ya sami aikin akawu, aka kawo shi Dutse tun jihar tana jaririya, lokacin da duwatsu da bishiyoyin dabino suka fi ofisoshi yawa.

Abu biyu ya taho da su daga ruga, kuma zaman birni bai karɓe ko ɗaya ba. Na farko, ba a barin gaisuwar mutum a ƙasa. Na biyu, ba a faɗin sunan ɗan fari.

'Yar farinsa mace ce, Zulaihatu. Tun ranar suna da liman ya faɗi sunan, Malam Bubayero ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi, kuma daga ranar bakinsa bai taɓa furta shi ba. Ana yaye ta aka kai ta wurin mahaifiyarsa a Buji, sai da ta isa shiga makaranta ta dawo, don haka ya sami mafita: Ta Buji. In yana son ruwa, a ce wa Ta Buji ta kawo ruwa. In ta yi na ɗaya a aji, ya dubi bango ya ce ya ji an ce Ta Buji ta yi ƙoƙari. Ranar da masu ƙidaya suka zo gidan suka tambayi sunayen yara, ya jero ƙannenta tsaf, da aka zo kanta ya ce su tambayi maƙwabci. Ƙannenta suna hawa cinyarsa suna jan gemunsa, ita kuwa daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon tabarma. Ba ƙi ba ne, kowa ya sani. Kunya ce irin ta mutanensa. Amma yarinya ba da abin da kowa ya sani take girma ba, da abin da kunnenta ya ji take girma, kuma nata kunnen bai taɓa ji ba.

Ana nan sai zamani ya shigo ofis. Aka kawo kwamfutoci, aka ce kowane ma'aikaci sai ya mallaki adireshin imel. Wadda aka ɗora wa wahalar koya wa dattawa ita ce Madam Chundung, mai buga takardun sashen, mutuniyar Filato da ta daɗe a Dutse har tana yi wa 'yan gari gyaran farashin gero. Ita ta buɗe wa Malam Bubayero akwatinsa, ta sa lambar wayarsa a ciki, sannan ta juya masa allon dannawa.

"Baba Buba, yanzu sai kalmar sirri. Ita ce makullin akwatin. Ka zaɓi kalmar da ba za ka manta ba, kuma ba za ka taɓa faɗa wa kowa ba. Ko ni. Ko Darakta. Kar ka rubuta ta a takarda."

"Wadda ba zan taɓa faɗa ba?"

"Ko da wuƙa a wuya."

Malam Bubayero ya dubi allon. A duk duniya kalma ɗaya ce ya san ta cika wannan sharaɗi. Ya ce Madam ta juya baya, ya cire hularsa ya kare allon da ita, ya sa ɗan yatsa ɗaya yana farautar haruffa. Da na'urar ta ce sai an haɗa da lamba, ya ƙara shekarar da aka haife ta. Abin da ya fi burge shi, yana dannawa haruffan suna komawa ɗigo-ɗigo, ko shi kansa bai ga abin da ya rubuta ba. Ya ce lallai wanda ya ƙera wannan abu yana da kunya.

Daga ranar, kowace safiya ta Allah, sama da shekara goma, kafin ya taɓa fayil ko ɗaya sai ya zauna ya kare allo da hula ya rubuta sunan 'yarsa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan ne lokacin da ya fi so a duk yininsa.

Matsalar ta fara ne daga ɗaya gadon na ruga. Akwatin bai yi wata guda ba baƙi suka fara sallama. Ta farko wata baiwar Allah ce daga wata ƙasa mai nisa, ta ce mijinta attajiri ya rasu ya bar dukiya mai yawa, dangi suna neman cinyewa, ta rasa amintacce a duk duniya sai shi. Malam Bubayero ya karanta, ya yi salati, ya gyara zama ya rubuta mata ta'aziyya shafi guda. Ya yi wa mamacin addu'a, ya tambayi yara, ya tambaya ko ta fita takaba. Matar ta amsa da sauri ta ce ya turo lambar asusunsa na banki. Ya ce mata maganar dukiya ba yanzu ba, gawa ko sanyi ba ta yi ba, ta nemi malami a garinsu ya raba gadon yadda shari'a ta ce. Ta sake rubutowa, ya sake gaishe ta da haƙuri. A karo na ba-adadi matar ta turo kalma biyu kacal, waɗanda ba za su maimaitu ba. Ya ce zafin rashi ne, Allah ya ba ta dangana.

Bayanta aka sanar da shi ya ci wata gasa da bai san ya shiga ba. Ya amsa cewa ya gode, amma in caca ce shi ba ya ci, ya haɗa musu da nasiha. Wanda ya ɓata masa rai shi ne mai tallar maganin ƙarfin maza. Wannan kam ya amsa a taƙaice, cewa alhamdulillahi yana nan lafiya, kuma yana so ya san wanda ya kai musu sunansa. Ya yi mako guda yana hararar Isah, direban ofis.

Ranar da Madam Chundung ta leƙa ta ga abin da ke cikin akwatin, sai da ta riƙe teburi don dariya.

"Baba Buba! Waɗannan duk ɓarayi ne fa! Babu wata mata, babu wani miji. Ƙato ne zaune da gajeren wando yana tura wa mutum dubu saƙo ɗaya."

"To ko ɓarawo ne, Madam, ai ya yi sallama."

"Kana amsawa kana gaya musu akwai mutum a gidan. Shi ya sa suke ƙaruwa." Ta ja kujera ta zauna kusa da shi. "Duba nan. Kar ka kalli sunan da mutum ya sa wa kansa, kowa zai iya kiran kansa gwamna. Kalli adireshin da ke ƙasan sunan, ka gani ko ya yi kama da na inda ya ce ya fito. In ya ce ka yi sauri ko a rufe, ko a kama, ko a fasa, to ka ƙi yin saurin. In ya ba ka shuɗin rubutu ya ce danna nan, kar ka danna. In kuwa ya tambayi kalmar sirrinka, ko da ya ce shi ne mai kamfanin, ɓarawo ne. Masu akwatin ba sa tambaya."

Ta kwashe matan mamata da masu gasa ta zuba su a wani sashe da ta ce sunansa bola, ta hana shi buɗewa. Ya ce to. Amma ransa bai so ba. Wani lokacin in ya ga adadin da ke jikin bolar yana ƙaruwa, sai ya ji kamar ya bar baƙi tsaye a ƙofar gida cikin rana.

A bana, shekarar da zai yi ritaya, Zulaihatu ta nemi aiki. Ta gama makarantar koyon aikin jinya tun tuni, tana zaune a gida tana auna wa matan unguwa hawan jini a kyauta. Wani babban asibiti ya buɗe ɗaukar ma'aikata, aka ce duk wanda aka zaɓa za a turo masa gayyatar ganawa ta imel, wanda bai amsa ba kafin ƙarshen makon da aka turo, a ba wani gurbinsa. Tana da nata adireshin a waya. Malam Bubayero ne ya aika uwarta, Mu'minatu, da saƙo: a ce wa Ta Buji ta sa nasa. Yaran yanzu sai su yi kwana uku ba su duba ba, shi kuwa duk Jigawa an san ba ya barin saƙo ya kwana. Gaskiyar magana, so yake albishir ɗin ya biyo ta hannunsa, tunda bakinsa ba zai iya yi mata komai ba. Ta bi maganarsa, ta tura masa kwafin takardunta ya ajiye.

Makon da ake sa ran gayyatar, tun kafin mai shara ya gama yake isa ofis. Ran nan da safe ya buɗe akwati ya tarar da saƙo da jan rubutu. Ba sallama, ba suna, sai "Ya kai mai wannan akwati". Aka ce akwatinsa ya cika, akwai muhimman saƙonni da aka tsare a hanya, in bai tabbatar da kansa ba kafin azahar za a rufe akwatin har abada. Ga tambarin kamfanin nan a sama, ga shuɗin rubutu a ƙasa.

Muhimman saƙonni a hanya! Ya waiga kujerar Madam Chundung, babu kowa, ta kai ɗanta asibiti. Duk abin da ta koya masa yana nan a kansa, bai manta ko ɗaya ba. Sai dai ita ta yi maganar matan mamata ne da masu gasa, masu yi masa alkawarin abin da ba nasa ba, waɗannan kuwa bai taɓa kwaɗayinsu ba. Wannan bai yi masa alkawarin komai ba. Cewa ya yi zai raba Ta Buji da aikinta. Ya danna. Shafi ya buɗe sak irin wanda ya saba gani kullum, ya kare allo da hula, ya rubuta sunan. Shafin ya yi masa godiya. Ya sauke ajiyar zuciya, har yana yaba wa kansa da ya zo da wuri.

Kafin ya gama shan kunun da ya taho da shi, ƙaramar wayarsa mai tocila ta fara ruri.

Na farko wani tsohon abokin aikinsa ne da aka mayar Garki. Ko gaisuwa bai bari sun gama ba, abin da ya ɓata wa Malam Bubayero rai, ya ce, "Buba, an sace maka akwati."

"Wane akwati? Ga shi nan a gabana."

"To wani ya rubuto mini da sunanka. Wai kana Legas, wai 'yarka tana kwance a asibiti rai a hannun Allah, a taimaka a turo abin da ya samu. Na fara salati ke nan sai na ga an rubuta, 'yata abar ƙaunata, ga sunanta nan ɓaro-ɓaro har sau uku. Na ce wannan ko a mafarki ba Buba ba ne." Ya fashe da dariya har da tari.

Haka aka yi ta kira. Ɓarawon ya tura wa duk wanda ke cikin akwatin, ya tsinci sunan yarinyar a takardunta, ya yi aikinsa tsaf yadda ya saba, Turancinsa ma ya fi na mai akwatin kyau. Abu ɗaya ne bai sani ba, kuma kowa a sakatariya ya sani. Isah direba ya leƙo ya ce, "Baba, ashe ka iya faɗa?" Darakta da kansa ya aiko a ce masa sannu da dawowa daga Legas. Ko mutum ɗaya bai tura ko sisi ba. Ofis ya koma kamar gidan biki, kowa ya zo da wayarsa yana karanta wa na kusa da shi.

Malam Bubayero kaɗai ne ba ya dariya. Ya koma kan kwamfuta ya rubuta sunan, akwatin ya ce ba ita ce kalmar ba. Ya sake, ya ce ba ita ba ce. Ɓarawo ya canza makulli ya zauna a ciki, gayyatar Ta Buji kuma nan za ta sauka, in ma ba ta riga ta sauka ba. Yana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta kuma aka ce babu mai. Ya zauna gaban baƙin allo, gumi yana bin gemunsa. Tunda yake bai taɓa jin ya tsani kansa irin na ranar ba.

Wajen sha biyu Madam Chundung ta shigo da jaka a kafaɗa, ta riga ta karanta nata a asibiti. Ba ta yi dariya ba, wannan ya ƙara tsorata shi.

"Ka danna?"

"Na danna, Madam."

"Ka duba adireshin da ya turo?"

"Ban duba ba." Sannan ya ƙara da abin da ya fi ci masa rai. "Ko sallama bai yi ba, Madam. Tun daga nan ya kamata in gane ba ɗan mutunci ba ne."

Tana shirin ba shi amsa aka yi sallama a ƙofa, wata siririyar murya da ba a taɓa ji a ofishin ba. Zulaihatu ce, ta hawo babur daga gida, mayafinta a karkace, waya a hannu. Ita ma saƙon ya same ta, tunda adireshinta yana cikin akwatin. Ta durƙusa daga bakin ƙofa yadda ta saba.

"Baffa, ina wuni. Na ga saƙo ne, na ce bari in zo in gani ko lafiya."

"Lafiya lau," in ji shi, yana kallon kabad ɗin fayil.

"Ba Babanki ba ne ya rubuta, Zulai," in ji Madam Chundung. "Goge shi kawai."

"Na san ba shi ba ne, Anti. Tun layin farko na sani." Ta dubi wayar, ta kife ta a cinyarta. "Bar shi dai. Ba sai na goge ba."

Ta faɗe shi a hankali ne, ba da nufin kowa ya ji ba. Amma Malam Bubayero ya ji, kuma ya gane. Yarinyar nan ta san ƙarya ce, ta san wani ƙato mai gajeren wando ne ya rubuta, duk da haka tana so ta ajiye, saboda a sama akwai sunan ubanta, a ƙasa an ce 'yata abar ƙaunata. Abin ya soke shi fiye da duk dariyar da aka yi masa tun safe.

Madam Chundung ba ta da lokacin wannan. Ta ce akwai hanya ɗaya, in ɓarawon bai riga ya cire lambar wayar da ta sa tun farko ba. Tunda babu wuta, kuma tata wayar ta mutu a layin asibiti, a wayar Zulaihatu za a yi. Ta nuna mata inda za ta shiga ta ce an ƙwace mata akwati. Shafin ya ce a rubuta kalmar sirri ta ƙarshe da aka tuna, sannan zai tura lamba zuwa wayar mai akwatin.

Aka miƙa wa Malam Bubayero wayar. Ya kare ta da hula. To yatsan da ya girma da sandar kiwo ba a yi shi don waɗannan 'yan haruffa ba, in ya nufi ɗaya sai ya danna uku. Shafin ya ce ba daidai ba. Ya sake, ya ce ba daidai ba, ya ƙara da gargaɗin cewa in aka ci gaba da kuskure zai dakatar da su sai wani lokaci.

"Ba mu da wani lokaci," in ji Madam Chundung. "Mutumin yana ciki yanzu haka. Ba ta wayar, ka faɗa mata ta rubuta."

"Ke kika ce ko da wuƙa a wuya."

"Ɓarawo ma ya sani, Baba Buba, sai mu za ka ɓoye wa?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki biro. Madam Chundung ta dube shi, ta dubi yadda kunnuwansa suka yi, ta dubi yarinyar, sai ga alama wani abu ya faɗo mata. Ta riga shi ɗauke biron ta jefa a jaka.

"Na ce ba a rubutawa a takarda."

"Madam, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin sa. Faɗi."

Zulaihatu ta matso ta tsuguna gefen kujerarsa, kusan da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama, yatsunta a kan waya. "Ina ji, Baffa."

Ya yi gyaran murya. Ya dubi silin. "Sunan... sunan Goggon Aujara ne."

Goggon Aujara ita ce yayar mahaifinsa, wadda aka mayar wa yarinyar sunanta. Duk dangi sun san haka, ita ma ta sani. Ya ga yatsunta sun tsaya cak. Da ta so, da ta rubuta a wuce wurin, shi ma abin da yake roƙo a ransa ke nan. Amma ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da 'yar fari ba ta yi, ta ce, "Ni da Goggo na san ta, Baffa. Ban san wani suna ba."

Isah direba da ke bakin ƙofa ya ja da baya ya janyo ƙofar, Allah ya saka masa. Malam Bubayero ya tuna mahaifinsa, wanda har ya koma ga Allah bai taɓa kiran babban wansu da suna ba. Ya tuna gayyatar da ke hannun ɓarawo, da kuma wanda ya sa aka kai ta can. Ya murɗe hularsa a hannu har ta fita kamanninta.

"Zulaihatu," in ji shi.

Muryar ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Na'am, Baffa."

"Ba kiranki na yi ba, rubutawa za ki yi!" Ya share fuska da hular. "Da babban baƙi a farko. Sai shekarar da kika zo duniya."

Ta rubuta, hawaye yana ɗiga a kan gilashin tana gogewa da gefen mayafi. Ƙaramar wayarsa ta yi ƙara, lamba ta shigo, aka sa, akwati ya buɗe.

"Tun yaushe?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

Madam Chundung ce ta amsa, tana neman wani abu a jakarta da babu shi. "Tun ranar da na buɗe masa. Kullum da safe, kafin ya gaida kowa. Kin kuwa san abin da ake nufi a ce Babanki ya yi wani abu kafin gaisuwa."

Suka kori ɓarawon, suka rufe duk ƙofofin da ya buɗe wa kansa, suka tura wa jama'a cewa Malam Bubayero yana Dutse, bai taɓa zuwa Legas ba, kuma ba shi da niyya. Sannan aka shiga neman gayyata. Babu ita a saƙonnin da suka shigo. Babu ita a waɗanda aka goge. Zulaihatu ta ce ba komai, wataƙila ba a ɗauke ta ba ne. Sai Malam Bubayero ya ce, cikin ladabi, ko za a duba bola.

Tana can. Ta kwana biyu a ciki, tsakanin wata sabuwar matar mamaci da mai maganin ƙarfin maza. Madam Chundung ba ta yarda da ita haka nan ba. Ta duba adireshin harafi bayan harafi, ta gwada da wanda ke jikin sanarwar asibitin, ta ga an ambaci sunan yarinyar da lambar takardarta, ba a nemi kuɗi ba, ba a nemi kalmar sirri ba, sannan ta ce ta gaske ce, a amsa.

"Kin gani ko, Madam," in ji shi, ransa ya ɗan dawo. "Shi ya sa ba a barin baƙo a waje."

"A leƙa a ga ko waye, na yarda. Ban ce a shimfiɗa masa tabarma ba."

Saura abu ɗaya. Kalmar da suka sa da gaggawa ta wucin gadi ce, Madam Chundung ta ce sai ya zaɓi sabuwa tasa, doguwa, kuma kar ya kuskura ya sake sa sunan wani nasa, don shi ɓarayi suke fara gwadawa. Tsohuwar kam ta mutu, ba a komawa gare ta.

"Har abada?"

"Har abada."

Ya daɗe yana kallon baƙin allon kwamfutarsa. Sannan ya ce, ba da kowa ba, "To ni yanzu da safe me zan riƙa rubutawa?"



An ɗauki Zulaihatu aikin. A gida har gobe Ta Buji ce, ranar da za ta tafi ma bango ya kalla ya ce Allah ya tsare hanya. Baƙin akwati kuwa ya daina amsa musu, sai dai in ya ga matar mamaci yakan yi wa mijin addu'a a zuci, ko da babu shi, kafin ya tura ta bola.

A makonta na farko a wurin aiki, da sassafe, wayar Madam Chundung ta yi ƙara. Zulaihatu ce, muryarta a tsorace.

"Anti, ina jin an sake sace akwatin Baffa. Saƙo ya shigo mini yanzu da sunana a sama."

"Ya nemi kuɗi?"

"A'a."

"Ya ce ki yi sauri, ko ki danna wani abu?"

"A'a. Gaisuwa ce kawai. Ya tambayi gajiya, ya tambayi masauki, ya tambayi marasa lafiya, ya tambayi ruwa a garin. Sai kuma ya sake tambayar gajiyar."

Madam Chundung ta leƙa ta saman kwamfutarta. Can a kusurwa Malam Bubayero yana zaune, ya kare allo da hula, ya ƙura wa akwatinsa ido yana jira, yana yi kamar fayil yake nema.

"Shi ne," in ji ta. "Ki amsa masa, kin san ba ya son a bar gaisuwa a ƙasa."